Yadda za ka fara ba da gudummawa a buɗaɗɗiyar manhaja, mu ɗauki Django mu bi shi daki-daki

Matasanmu da yawa sun koyi Python, wasu ma sun haɗa shafi ɗaya ko biyu da Django, wato tsarin gina shafukan intanet da Python, amma da an ce su shiga cikin Django ɗin kansa su gyara wani abu sai gabansu ya faɗi, su ga kamar wannan aikin manya ne da ke zaune a Amurka ko Jamus. Toh ba haka ba ne. Kod ɗin a buɗe yake, kowa zai iya karantawa, kowa zai iya turo gyara, ba wanda zai tambaye ka digiri ko daga wace ƙasa kake. Sai dai akwai abu ɗaya da nake so ka riƙe tun kafin ka taɓa komai: abin da waɗannan furojek suka fi ƙarancinsa shi ne lokacin masu duba aiki. Masu turo kod suna da yawa, masu zama su karanta su gwada kaɗan ne, kuma yawancinsu kyauta suke yi bayan sun tashi daga aikinsu na neman abinci. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, in ka lura, hanya ce ta rage musu wahala, kuma wanda ya rage musu wahala shi ake saurin karɓar aikinsa.

Na zaɓi Django ne saboda tsarinsu a rubuce yake tsaf, ba sai ka yi canki-canki ba. An fara shi ne a wani gidan jarida mai suna Lawrence Journal-World a jihar Kansas ta Amurka, Adrian Holovaty da Simon Willison suka fara, aka sake shi ga duniya a 2005 da lasisin BSD, yau Instagram ma a kansa aka gina ɓangaren sabarta. Akwai gidauniya mai kula da shi, Django Software Foundation, wadda ke biyan wasu 'yan mutane kaɗan albashi don su riƙa tantance tikiti, wato rahotannin matsala da buƙatun gyara, da duba gyare-gyare, sauran jama'a duk 'yan sa-kai ne. Ana fitar da sabon zubi kusan duk wata 8. In ka iya bin hanyar Django, sauran furojek za su zo maka da sauƙi don yawancinsu ba su kai shi tsauri ba.

Kafin komai, ka zama kana amfani da abin. Kar ka je neman furojek saboda sunansa babba ne ko don ka saka a CV, ka zaɓi wanda ka taɓa wahala da shi, wanda ka taɓa tsayawa ka ce wai me ya sa wannan abu yake haka. In ba Django kake amfani da shi ba, wataƙila KoboToolbox ne ko ODK da ma'aikatan ƙungiyoyi ke tattara bayanai da su a ƙauyukanmu, ko DHIS2 da ake shigar da alƙaluman asibitoci, ko QGIS, ko VLC da ke kan kusan kowace kwamfuta, duk waɗannan buɗaɗɗu ne kuma duk suna karɓar gudummawa. Mai amfani da abu kullum yana ganin abin da wanda ya rubuta shi bai gani ba.

Kayan aiki ba su da yawa. Akawun na GitHub, wato shafin da ake ajiye kod, Git mai riƙe tarihin canje-canjen kod a kwamfutarka, Python sabon zubi, da edita duk wadda ka saba da ita. Abu biyu da ke kayar da sababbi a nan: tun Agustan 2021 GitHub ya daina karɓar kalmar sirri wajen tura kod daga tamina, wato tagar da ake buga umarni, sai dai ka haɗa makullin SSH ko ka ƙirƙiri token, sannan kuma suna tilasta wa masu ba da gudummawa kunna tantancewa mai mataki biyu, don haka ka kunna tun yanzu kuma ka adana lambobin ceto a wani wuri da ba wayarka ba, don in wayar ta ɓata ko aka sace ka shiga uku. Ka kuma gaya wa Git sunanka da imel ɗinka, don su za su riƙa fitowa a kan duk komit da ka yi, wato duk canjin da ka adana a Git:

git config --global user.name "Sunanka"
git config --global user.email "imel ɗinka"

Yanzu ka buɗe shafin django/django a GitHub ka danna maɓallin Fork, wannan zai yi maka kwafin rifo ɗin, wato ma'ajiyar kod ɗin, gaba ɗaya a ƙarƙashin sunanka, a nan za ka riƙa aiki don ba ka da izinin rubutu a na asali. Sai ka sauko da shi:

git clone --depth 1 https://github.com/SUNANKA/django.git

Wannan --depth 1 ɗin don mai lissafin data ne, yana hana sauko da tarihin komit na shekara da shekaru, takardun Django da kansu sun ce yana rage abin daga wajen 250 MB zuwa wajen 70 MB. In daga baya ka buƙaci tarihin, git fetch --unshallow zai kawo maka shi ranar da ka samu waifai mai kyau. Daga nan ka shiga foldar ka haɗa ta da rifo na asali don ka riƙa jawo sababbin canje-canje:

git remote add upstream https://github.com/django/django.git

Ka ƙirƙiri keɓaɓɓen muhalli na Python da python3 -m venv da sunan foldar da kake so a gabansa, ka kunna shi, ka saka Django ɗin da ka sauko da python -m pip install -e . daga cikin foldar, wannan -e ɗin shi ke sa duk canjin da ka yi a kod ya fara aiki nan take ba sai ka sake sakawa ba. Sai ka shiga foldar tests, ka saka abubuwan da ke cikin requirements/py3.txt, ka buga ./runtests.py, in Windows kake sai python runtests.py. Gwaje-gwajen sun haura 10,000, a ƙaramar kwamfuta za su ɗau lokaci, ka tabbata akwai caji. Amma don Allah ka yi wannan tun kafin ka canza ko harafi ɗaya, saboda in wani gwaji yana faɗuwa a kwamfutarka tun asali gara ka sani yanzu, kar gobe ka zata kai ka fasa shi ka kwana kana nema. Bayan wannan karon na farko ba sai ka riƙa gudanar da duka ba, za ka iya kiran ɓangare ɗaya, misali ./runtests.py utils_tests.test_text, cikin 'yan daƙiƙu ya gama.

Wani abu mai daɗi ga irinmu, Git ba ya buƙatar intanet sai wajen jawowa da turawa. Komit, reshe wato layin aiki na daban da kake warewa, duba tarihi, gwaji, duk a kwamfutarka suke. Takardun Django ma ana sauke su gaba ɗaya a karanta ba data. Don haka ka riƙa yin komit akai-akai, in an ɗauke wuta batir ya mutu ba ka yi asarar aikin yini ba.

Toh yanzu karatu, kuma nan ne mutane suka fi tsallakewa. Kowane furojek yana da fayil ɗin README, da CONTRIBUTING, da LICENSE, da ƙa'idar mu'amala. Ka karanta su, da gaske nake, ka zauna ka karanta kamar za a yi maka jarrabawa. A Django, alal misali, in ba ka karanta ba za ka je GitHub kana neman inda ake kai rahoton matsala ka rasa, don su ba a can suke ajiye tikiti ba, suna amfani da wani tsohon tsari mai suna Trac a code.djangoproject.com, kod ne ke bi ta GitHub. Da akawun ɗinka na GitHub za ka shiga Trac ɗin. Kowane tikiti yana da matakin da yake: Unreviewed wato ba wanda ya tantance shi tukuna, Accepted wato an yarda matsala ce kuma ana son gyara, Someday/Maybe wato wataƙila wata rana, sai Ready for checkin wato an duba gyaran ya yi saura a haɗe. Kai sabo, kar ka fara rubuta kod a kan tikitin da bai kai Accepted ba, za ka iya ɓata sati guda a kan abin da a ƙarshe za a ce ba a so. Akwai kuma alamar Easy pickings da suke saka wa masu sauƙi, a sauran furojek na GitHub kuma good first issue ko help wanted za ka gani.

Lasisi ma ka duba. In rifo ba shi da lasisi kwata-kwata, ganinsa a fili bai sa ya zama buɗaɗɗe ba, haƙƙin yana hannun mai shi. MIT, BSD da Apache 2.0 suna barin a yi kusan komai da kod ɗin har a saka a kayan sayarwa, GPL kuma yana cewa in ka rarraba abin da ka gina a kai dole ka bar shi a buɗe da lasisi iri ɗaya. Wasu furojek za su ce ka sa hannu a wata yarjejeniya da ake kira CLA, Django ma yana da tasa, wasu kuma irin su Linux layin Signed-off-by suke so a ƙasan komit, wanda git commit -s ke sakawa. In kana aiki a kamfani ka duba takardar ɗaukarka aiki, don wasu kamfanoni suna ɗaukar duk kod da ka rubuta a matsayin nasu.

Ni a ganina gudummawarka ta farko ma bai kamata ta zama kod ba. Ka buɗe jerin tikitin Unreviewed, ka ɗauki ɗaya, ka gwada ko za ka iya maimaita matsalar a kwamfutarka. In ta fito, ka rubuta cewa ta fito a zubi kaza, Python kaza, ga 'yan layukan da na yi amfani da su. In ba ta fito ba, shi ma ka faɗa, da abin da ka gwada. Wannan aikin ba ya ƙara maka koren ɗigo a shafinka na GitHub amma wallahi masu kula da furojek suna matuƙar jin daɗinsa, don ka ɗauke musu awa guda. In kuma abu ne da yake aiki a tsohon zubi ya daina a sabo, akwai git bisect, za ka nuna masa komit mai kyau da marar kyau, shi kuma ya riƙa raba tsakiya yana tambayarka nan fa, nan fa, har ya kai ka kan ainihin komit ɗin da ya jawo matsalar. Wanda ya zo da rahoto ya ce ga komit ɗin da ya fasa abin, ya yi rabin gyaran. Wannan kam yana buƙatar cikakken tarihi, nan ne za ka sauko da shi.

Bari in nuna maka wani abu da ya shafe mu kai tsaye, don ka ga yadda ake tunanin rahoto. A Django akwai wani aiki mai suna slugify da ke maida take zuwa adireshin shafi. Buɗe Python ka buga:

from django.utils.text import slugify
slugify("café")
slugify("Ƙasar Hausa")
slugify("ɗan ƙasa")

Na farko zai ba ka cafe, lafiya lau. Na biyu zai ba ka asar-hausa, na uku an-asa. Haruffanmu masu lanƙwasa sun ɓace ɓat. Dalili kuwa, in ka buɗe django/utils/text.py za ka ga yana warware kowane harafi ne ta tsarin NFKD sannan ya zubar da duk abin da ba ASCII ba, wato wanda ba ya cikin haruffa da alamomin Ingilishi na asali, é tana warwarewa ta zama e da alamar sama, sai alamar ta tafi e ta tsaya, amma ƙ, ɗ, ɓ da ƴ a Unicode haruffa ne masu zaman kansu, ba sa warwarewa zuwa k, d, b da y, don haka gaba ɗayansu ake zubarwa. Mai rubutu da Ingilishi ko Faransanci zai shekara goma bai ci karo da wannan ba, kai kuwa ranar farko da ka haɗa shafin labarai na Hausa za ka gani.

Toh me za ka yi? Kar ka ruga ka buɗe tikiti kana cewa Django ya lalace. Da farko ka bincika Trac da kalmar slugify, don tsohon furojek ne kuma masu wasu harsuna sun sha kawo makamancin wannan. Sannan ka karanta takardun aikin, za ka ga an rubuta cewa yana maida rubutu ASCII ne, kuma akwai allow_unicode=True wanda zai ba ka ƙasar-hausa da ƙ ɗinta. Kenan abin da ka gani hali ne da aka sani aka rubuta, kuma canza shi zai iya sauya adireshin shafukan mutanen da suka dogara da yadda yake yanzu, abin da Django ke matuƙar gudu. Wataƙila a ce maka ba za a canza ba, a rufe da wontfix, kuma wannan ba wulaƙanci ba ne. Amma ka ga yanzu ka san inda kod ɗin yake, ka san dalili, ka san abin da ya hana, kuma wannan ido da ka samu za ka iya kai shi wasu wurare: akwatin bincike da ba ya gane ƙasa in an rubuta kasa, jerin sunaye da ke jefa Ɗanjuma can ƙarshe bayan Z, fon da ke nuna akwati a madadin ɓ, fom da ke ƙin karɓar suna mai alamar ɗauri irin ta 'Yar'aduwa. Irin waɗannan suna nan birjik a manhajoji da yawa kuma ba mai kawo rahotonsu sai mu.

Rahoto mai kyau gajere ne: ga abin da na yi, ga abin da na zata zai faru, ga abin da ya faru, ga zubin da nake kai, ga mafi ƙarancin kod da zai nuna matsalar. Ka liƙa rubutun kuskuren a matsayin rubutu, kar ka ɗauki hoton sikirin da waya ka tura, ba wanda zai iya kwafa daga hoto. In kuma matsalar ta tsaro ce, wadda wani zai iya amfani da ita ya kutsa shafukan mutane, ba a saka ta a fili ko kaɗan, Django yana da imel na musamman don haka, sauran furojek ma galibi suna da fayil ɗin SECURITY da ke faɗin inda za a kai.

Yanzu a ce ka samu tikiti Accepted, ba wanda ke kansa, ka karanta duk hirar da aka yi a ƙasansa tun daga farko, don sau da yawa wani ya taɓa gwadawa an faɗa masa dalilin da hanyarsa ba ta yi ba. Ka saka sunanka a matsayin mai shi. In akwai sunan wani amma an daɗe ba motsi, ka tambaya cikin ladabi ko har yanzu yana kai kafin ka karɓa. Kai ma in ka ɗauka abubuwa suka sha kanka, jarrabawa ko hidimar gida, ka cire sunanka, riƙe tikiti wata da watanni ba aiki yana tare wa wasu hanya. Sai ka buɗe reshe, lambar nan misali ce, ka sa ta tikitinka:

git fetch upstream
git checkout -b ticket_12345 upstream/main

Ka fara da rubuta gwajin da zai faɗi saboda matsalar, ka gudanar ka ga ya faɗi da idonka, sannan ka yi gyaran, ka sake gudanarwa ka ga ya wuce. Django ba ya karɓar gyaran matsala ba tare da gwaji ba, kuma in sabon abu ne ka ƙara sai ka rubuta bayaninsa a foldar docs har da bayanin sabon zubi. Ka taɓa abin da tikitin ya ce kawai. Za ka ga wasu wurare a fayil ɗin da hannunka zai riƙa ƙaiƙayi ka gyara, sunan da bai yi maka ba, layin da ka ga za a iya gajartawa, ka bar su. Faci, wato gyaran da ka turo, mai layi 15 ana iya duba shi a zama ɗaya, mai layi 600 da ya taɓa fayil goma sai ya yi watanni ba wanda ya samu ƙarfin halin buɗewa. Tsarin rubutu kuma akwai black, flake8 da isort, ka saka pre-commit ya riƙa gudanar maka da su da kansa.

Saƙon komit a Django yana da nasa salo, da Ingilishi, a sigar abin da ya wuce, da lambar tikiti a gaba da aya a ƙarshe, kamar haka: Fixed #12345 -- Added kaza kaza. Wasu furojek akasin haka suke so, shi ya sa git log yake da amfani, ka kalli komit goma na baya ka kwaikwaya. Sai git push origin ticket_12345, ka je GitHub ka buɗe PR, wato buƙatar a jawo gyaranka a haɗe. Ka koma Trac ka saka mahaɗin PR ɗin ka kunna alamar Has patch. In gyaran kuskuren rubutu ne kawai a takardu, wannan ba ya buƙatar tikiti.

Daga nan sai jira, kuma nan ne ake gane wanda zai daɗe. Na'urorin gwaji za su fara gudana, in wani ya yi ja ka buɗe ka karanta dalili ka gyara, kar ka jira a faɗa maka. Mai dubawa zai zo, wataƙila bayan kwana biyu wataƙila bayan sati uku, ya bar maka sharhi goma sha, canza wannan, me ya sa ka yi haka, gwajin nan bai rufe kaza ba. Ba gaisuwa, ba ya gida ya aiki, kai tsaye kan magana, mu da muka saba da doguwar gaisuwa sai mu ji kamar faɗa ake mana. Ba faɗa ba ne, mutumin da ya zauna ya rubuta maka sharhi goma ya ba ka lokacinsa ne, kamar tela ne da ya karɓi ɗinkin yaron shago ya juya cikinsa yana duba kowane layi, don in kayan ya fita da sunan shagon zai fita. Ka amsa kowane sharhi, in ka yarda ka gyara, in ba ka yarda ba ka faɗi dalilinka a natse, in ba ka gane ba ka ce ban gane ba a ƙara min bayani. Ingilishinka ba sai ya zama na Sarauniya ba, da yawa daga cikinsu ma ba harshensu ba ne, gajerun jimloli masu ma'ana sun wadatar.

Ga wani ɗan abu da ke sa PR ɗin sababbi ya kwana a Django ba su san dalili ba. In mai dubawa ya ga akwai gyara, zai kunna alamar Patch needs improvement a Trac, ko Needs tests, ko Needs documentation, kuma muddin alamar na kunne tikitin ya fita daga layin masu jiran dubawa. Bayan ka gyara, kai ne za ka koma ka kashe alamar da hannunka. In ba ka kashe ba, kana can kana jira suna can suna zaton har yanzu kana aiki. Sannan ba ka da ikon maida tikitinka Accepted ko ka saka wa facinka Ready for checkin, wani ne zai yi. In babban reshe ya yi gaba ya bar ka, git fetch upstream sai git rebase upstream/main, ka warware inda aka yi karo, ka tura da --force-with-lease. Galibi za a ce ka dunƙule komit ɗinka su zama ɗaya.

Kar ka bi mai kula da furojek ta saƙon sirri ko LinkedIn kana ranka ya daɗe a taimaka a duba min. In an yi shiru sati biyu ko uku, tunatarwa ɗaya a ƙasan PR ɗin ta isa. Abin da ya fi tunatarwa aiki shi ne kai ma ka duba na wasu, ka sauko da facin wani ka gwada ka ce na gwada yana aiki, ko ga inda ya karye, layin ya ragu, naka ya matso.

Dalilin wannan taka-tsantsan nasu ba ƙarami ba ne. A Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya gano an dasa ƙofar baya, wato ɓoyayyar hanyar kutse, a xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowane Linux, kuma wanda ya dasa ya shafe kusan shekara biyu yana turo gyare-gyare masu kyau har aka amince masa aka ba shi iko. Kafin nan a Oktoban 2020, lokacin Hacktoberfest, wani shiri na shekara-shekara na jawo mutane su ba da gudummawa a buɗaɗɗiyar manhaja, mutane suka yi ta turo PR na banza, ƙara kalma ɗaya a README don a ba su riga kyauta, har masu shiryawa suka canza doka. Yanzu kuma ga na AI, Daniel Stenberg mai curl, wata manhajar aika da karɓar bayanai ta intanet, ya sha fitowa yana kukan rahotannin tsaro na ƙarya da na'ura ta rubuta suna cinye musu lokaci. Ba na ce kar ka yi amfani da AI wajen fahimtar kod ba, amma duk layin da ka tura ka zama za ka iya kare shi in an tambaye ka me ya sa, kuma ka duba dokar furojek ɗin a kan haka don wasu suna so a faɗa, wasu sun hana gaba ɗaya.

Fassara ma gudummawa ce cikakkiya. Django yana yin tasa a Transifex, a zubi na 3.1 da ya fito a 2020 aka ƙara harshen Ibo, kuma masu harshen ne suka zauna suka yi. Mozilla na da Pontoon, MediaWiki da ke riƙe da Wikipedia yana da translatewiki.net, wasu da yawa suna kan Weblate, kuma duk waɗannan da burauzar waya ma ana yi. In za ka yi, ka duba kalmomin da waɗanda suka riga ka suka zaɓa ka bi su, kar maɓalli ɗaya ya zama Ajiye a nan Adana a can, kuma alamomi irin su %(name)s ka bar su yadda suke, taɓa su yana fasa shafi.

In kana son wanda zai riƙe hannunka, akwai Djangonaut Space, shiri ne na sati 8 da ake haɗa sababbi rukuni-rukuni da wanda ya goge, kyauta. Akwai Google Summer of Code da ake yi tun 2005, ana biyan kuɗi, kuma tun 2022 ba sai ɗalibi ba, ta nan ne Sage Abdullah daga Indonesiya ya yi aikin JSONField mai aiki a duk rumbunan bayanai wanda ya shiga Django 3.1. Outreachy kuma horon wata 3 ne daga gida da alawus na dala 7,000, don waɗanda ba su da wakilci sosai a harkar fasaha, 'yan uwa mata ku duba wannan da kyau. A duka ukun, wanda ya riga ya fara taɓa furojek ɗin kafin buɗe neman shiga ya fi samun dama, don haka kar ka jira sanarwa. A nahiyarmu akwai Open Source Community Africa da ke taro a Legas, an kuma yi DjangoCon Africa na farko a Zanzibar a 2023, kuma a irin waɗannan taruka akan ware ranakun zama a yi aiki tare da masu kula da furojek ɗin a ɗaki ɗaya.

In PR ɗinka ya shiga, ka goge reshen, ka jawo sabon main, ka koma jerin tikitin ɓangaren da ka taɓa, don yanzu ka san fayilolinsa da gwaje-gwajensa kuma na biyu zai fi sauri. In bayan fitar zubin wani ya kawo rahoton cewa gyaranka ya fasa masa wani abu, za a ambaci sunanka a tikitin, ka bar sanarwar imel ɗin Trac da GitHub a kunne don ka gani da wuri ka zo ka duba.